Hanya Ce Ta Ɓace

Tudun Wada, Jos

Yaya Maimunatu,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya yara, ya jikin Baba? Ni lafiya lau nake, in ban da sanyi da gajiya. Kada ki damu.

Kin ji ni shiru kan muryoyin Inna, Allah ya jiƙanta, da na ce zan turo Gusau. Kunna kwamfuta na yi, na tarar ɓangaren da na adana su ya ɓace ɓat. Na kasa gaya miki. Kwana da kwanaki ina zarya unguwar Kongo-Rasha wurin Kasali mai gyara, kullum sai dai ya ce in dawo gobe.

Jiya ya nuna mini allo, ya ce da Hausarsa, "Oga, Inna yana nan, bai mutu ba. Hanya ne ya ɓace." Sunan da na sa wa ma'ajiyar muryoyin, wato "Inna", yake karantawa. Ban gyara masa ba, waje kawai na fita na tsaya.

Wasu sun lalace, amma wadda take mana faɗa kan sallar asuba ta dawo tas. Zan turo. Ki saurara ke kaɗai tukuna, kafin Baba ya ji.

Ƙaninki,
Ashraf