Man kaɗanyar da na rantse zalla ne, jaririya ake shafa wa

Assalamu alaikum jama'ar wannan shafi. Don Allah a ɓoye sunana, kuma ku karanta har ƙarshe kafin ku tsine min, tsoron da nake ciki ma ya ishe ni.

A Kankia nake aure, ina haɗa man shafawa a gida ina sayarwa. Da farko man kaɗanya ne da man kwakwa da ɗan turare, amma mata suka yi ta ƙorafin ba ya sa haske. Sai wata ta koya min in riƙa matsa man tub na kemis a ciki, irin na maganin ƙaiƙayi da ke sa mutum fari. Ban taɓa karanta abin da ke jikin kwalin ba, ni dai na ga kasuwa ta buɗe. Duk wadda ta tambaya sai in ce na gargajiya ne zalla.

Ƙanwar mijina, zan kira ta Rabi, tana aure a Bauranya. Ta zo da jaririyarta mai ƙurajen zafi, ta ɗauki roba ɗaya ta ce, "Anti, ba ki sa komi ciki ba ko? Ɗiyata zan shafa mawa." Maƙwabta biyu masu sayen man suna zaune, ta yaya zan ƙaryata kaina a gabansu? Na ce wallahi zalla ne. Na rantse da Allah a kan jaririya, ina jin kunyar rubuta shi.

Ƙurajen suka mutu, sai Rabi ta mayar da shi man kullum, safe da yamma har wata uku. Yarinya ta yi fari, kumatu suka cika, dangi suna ta sa min albarka. Ranar rigakafi a Kusada na raka su, malamar asibiti ta daɗe tana duba fatar, jijiyoyi duk sun fito, ta ce wannan kumburi ne ba ƙiba ba, me ake shafa mata? Rabi ta ce man kaɗanya kawai, ta juyo ta kalle ni. Na gyaɗa kai.

Washegari na kai wa Rabi man kaɗanya zalla na gaskiya, na ce sabon haɗi ne, na karɓe tsohon na jefa a masai. Na ɗauka shi ke nan. Bayan kwana huɗu jikin yarinya ya yi jawur, fata tana saɓulewa, ba ta kama nono sosai. Na bincika a waya, na ga wai irin wannan maganin idan jiki ya saba, yanke shi lokaci ɗaya ma haɗari ne. Ashe gyaran da na yi wata ɓarnar ce?

Ɗazu Rabi ta kira tana kuka. "Anti, ki taimake ni ki haɗo mani irin na farko, shi kaɗai jikinta ke so. Gobe da sassafe babanta zai zo amsa."

In na haɗa, na ci gaba da cutar da ita da hannuna. In na faɗi gaskiya a kai ta asibiti, ban san ko aurena zai kai jibi ba, mijina ya ɗauki Rabi kamar 'yar cikinsa. In na yi shiru kuma yarinyar nan ta mutu fa? Watanta biyar kacal a duniya. Me zan yi?