Lambar da ke ƙarƙashin fenti

Garwa, Laraba da dare

Na kasa cin tuwo. Yau na je a gyara min takardar motata fikof, tunda Buba makanike ya canja mata inji. Ma'aikacin ya ce in kawo lambar sabon injin. Na buɗe bonet, na kankare fentin da ya rufe lambar da wuƙa, na kwafa.

Lambar tsohon injina ce. Sau uku ina gwada ta da takardar, don na san kaina da kuskure. Har waldar da aka yi masa a Tibati tana nan.

Wato gyara shi ya yi, ya fesa fenti, ya mayar a matsayin wani injin. Buban da muka zauna benci ɗaya a makaranta, wanda ya dafa kafaɗata ya ce, "Abokina, wannan ya mutu. Na Beljik zan samo maka, na hannu daga Turai, kamar don kaina."

Na bi ta garejinsa a unguwar Pumpumre. Ya ɗago hannu yana dariya: "Yaya tsohuwa, tana gudu?"

Na ce tana gudu, na wuce. Kuma lafiya take gudu. Da ya ce min gyara ya yi, da har gida zan je in gode masa.