Kunnen Baba

Modena, 9 ga Yuni, 1956

Zuwa ga Baffana Oreste,

Bayan gaisuwa ta ladabi, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka lafiya, kai da Gwaggo Nerina da yara a can Rosario. Mu nan da sauƙi. Inna na fama da gwiwarta kamar kullum, Aldina kuma ta sauka lafiya, mace, an yi mata baftisma ranar Lahadi. Ka yi haƙuri da rubutuna, ka san aji uku na yi.

Baffa, Gualtiero ya rasu, ɗan Ivo mai gidan burodi, wanda yake tuƙa jar motar garejinmu. A tseren hawan dutse na watan jiya, a kwana ta bakwai, ƙafar gaba ta hagu ta lanƙwashe, motar ta daki katanga. Jarida ta ce gudu ne ya yi yawa, maigidanmu ma haka ya faɗa a coci. Ni na san ba haka ba ne, kuma ba ni da wanda zan gaya wa sai kai.

Ka san yadda Baba yake duba ƙafar mota, tunda tare kuka koya. Wayoyin ƙarfe saba'in da biyu ke riƙe da ita kamar ƙafar keke, ya bi su ɗaya-ɗaya da 'yar sifana yana ƙwanƙwasawa. Wadda ta ɗauru ta amsa kamar ƙararrawa, wadda ta saki ta amsa kamar an bugi katako. Shekara talatin kunnensa bai taɓa yi masa ƙarya ba. Gualtiero Fada yake ce masa don tsokana, wai ƙafafun mota wurinsa suke zuwa faɗin zunubansu. Baba kuma ya ce ai yaron da bai san inda birki yake ba shi ya fi kowa buƙatar Fada.

To, tun hunturu na lura Baba yana karkato kunnen dama in Inna na magana. Ƙararrawar coci ta gama bugawa, ya tambayi ƙarfe nawa. Ranar da aka ɗaura ƙafar nan ta motar Gualtiero ina gefensa ina aiki a kan tawa, na ji wayoyi uku sun yi muryar katako. Ya wuce su, ya zana alli a taya, wato ta yi. Na buɗe baki, na rufe. Wane ni in gyara wa ubana aiki a gaban mutane? Na ce in an tashi cin abincin rana zan zagayo in ɗaure. Kafin in wanke hannu an loda motar an tafi. An ce haƙuri maganin zaman duniya. Ni kuwa nawa haƙurin, mutum ya binne.

Tun daga nan, duk ƙafar da Baba ya sa wa alli sai na koma kanta in kowa ya fita. Shekaranjiya ya dawo ɗaukar hularsa, ya same ni a durƙushe. Na zaci mari zan sha. Sai ya ciro sifanarsa ya bugi waya ɗaya, ya tambaye ni me ta ce. Na ce ta saki. Ya bugi ta kusa da ita, na ce ta ɗauru. Sai ya ce ta Gualtiero fa, guda nawa ne. Baffa, na kasa yi masa ƙarya, na ce uku. Bai ji ba. Sai da na ɗaga masa yatsu.

Ya sa mini sifanar da allin a tafin hannu, ya fita ba hular. Bai sake taka gareji ba, ko romon Inna ba ya taɓawa. Ya ce zai je gidan Ivo ya faɗi gaskiya da bakinsa. Na ce ƙafata ƙafarsa, domin shi bai ji ba, ni kuwa na ji. Kai ne wansa, kai kaɗai yake wa biyayya. Don Allah ka rubuto masa, ko layi biyu ne, ka kwantar masa da hankali. Takarda ba ta buƙatar kunne.

Ka gaishe da Gwaggo Nerina, da Dante, da ƙaramar Iolanda. Inna da Aldina suna gaishe ku. Ku sa mu a addu'a.

Naka ɗa,
Settimio