Sabulun 'Yan Aji Biyar da Aka Raba Bai Nuna Ba

Zuwa ga Shugaban makarantar firamaren da jikata take karatu, Unguwar Shanu, Kaduna.

Assalamu alaikum, Malam Hedimasta. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya.

Na karanta takardar da ka aika wa iyayen yara, inda ka ce sabulun da 'yan aji biyar suka haɗa ya cutar da mutane saboda kuskuren awo daga wani dattijo mai taimaka muku. Dattijon ni ne, kuma duk unguwa ta san haka. Awon ba shi da kuskure. Na so in yi shiru, domin a shekaruna rubutu ma aiki ne, amma tun da a bainar jama'a ka faɗa, dole in gyara.

Na farko. Shekara talatin da ɗaya na yi ina koyar da kimiyya kafin in yi ritaya, ban taɓa auna soda da gwangwanin madara ba. Sikelina na kawo daga gida. Ni kaɗai na zuba sodar a ruwa, a waje, yara na nesa. Aikinsu shi ne auna manja da man alayyadi da juyawa da muciya, kowa da safar hannu. Malama Rabi, malamar ajin, tana tsaye daga farko har ƙarshe.

Na biyu. Sabon sabulu ɗanye ne, sai ya yi mako huɗu a inuwa yana shan iska kafin ya taɓa jikin mutum. Na maimaita wa yaran har suka haddace, na kuma manna takarda a ƙofar sito.

Na uku. Kwana biyu da haɗa shi aka yi taron iyaye. Ban halarta ba, ina asibiti ana duba mini ido. Da aka tashi, abin sallamar baƙi ya kasa, sai ka sa aka buɗe sito aka raba sabulun, wai baƙo ba ya tafiya hannu rabbana. Na san al'adar, ban kuma raina ta ba. Amma an shaida mini cewa jikata Hafsatu ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, Kaka ya ce bai nuna ba," aka ce ta zauna, manya na magana.

Sauran ka sani. Hannun wasu mata ya yi ja, wata ta wanke jaririnta da shi ya yini yana kuka. Na je gidan da kaina, Allah ya taƙaita, yaron ya warke. Yanzu in na fito daga masallaci samari kan ce, "Baba mai sabulun ƙaiƙayi, a sauka lafiya." Wannan zan jure, na ji abin da ya fi shi. Soke darasin da ka yi shi ne ya dame ni. Yaran nan sun ga mai ya zama abin da ake saye a kanti, da hannunsu, ga shi an nuna musu cewa aikinsu cuta ne. Hafsatu kuwa, Malama Rabi ta ce tun ranar ba ta sake ɗaga hannu a aji ba.

Ina roƙon a aika wa iyaye takarda ta biyu mai bayyana gaskiyar abin da ya faru. A maido da darasin a zango mai zuwa, mabuɗin sito ya zauna a hannun Malama Rabi har sabulu ya nuna. In ba a so na, a nemo wani, gwiwoyina ma za su gode. Ni ba sai an ba ni haƙuri ba. Hafsatu za a bai wa, a gaban ajinsu.

Allah ya yi maka jagora, ya sauƙaƙa maka nauyin da ke kanka, ya shirya mana zuri'a. Wassalam.

Naka, kakan Hafsatu 'yar aji biyar.

Haɗe da wannan wasiƙa akwai:

1. Kwafin awon, da rubutun hannuna.
2. Takardar ƙofar sito, wadda aka tsinto a kwandon shara.
3. Rabin sabulu daga haɗin nan, yanzu ya cika mako huɗu. Da ɗaya rabin nake wanke fuskata kullum. Ka gwada.