Madubin da Alhassan Ya Ɗaure a Katanga

Unguwar Nima, daren Laraba

Yau rana ta sake shigowa ɗakina.

Ɗakin nan ba ya samun haske, katangar maƙwabta ta tare tagar. Shi ya sa mijina Alhassan, Allah ya jiƙansa, ya ɗaure tsohon madubin trotro ɗinsa, motarsa ta haya, a jikin katangar, ya yi ta murɗa shi har hasken hantsi ya riƙa faɗowa daidai inda nake zama ina tsintar wake. Ranar da na shiga takaba, yayarsa Memuna ta rufe madubin ɗaki da tsumma, har da wannan na waje. Tun daga nan nake zaune a duhu, daga ni sai tunani.

Da ta kawo mini koko da safe, na yi ƙarfin hali na ce, "Yaya, don Allah ki buɗe na wajen nan. Ba fuskata nake kallo a ciki ba."

Ta ce, "Mai takaba da madubi? Me mutanen gida za su ce?"

Na ce, "Rana kawai yake turo mini."

Sai ta ce, "Yaron nan da dabara!" Ta fita ta janye tsumman.

Ashe wajen jan tsumman, madubin ya goce. Hasken bai sauka wurina ba, sai a kan ƙusar da hular Alhassan take rataye. Yaya ta ce bari ta gyara. Na ce ta bar shi haka.

Gobe da hantsi zan matsar da kujerata can.