Girbin Geron da Ban Zo Ba

Assalamu alaikum Yaya Dabo,

Ina fatan kana lafiya, kai da Inna da Yaya Hure da yara. Ya jikin Baba? Allah Ya ƙara sauƙi.

Ni ƙalau nake nan Jamus. Idona ne ke ɗan ciwo saboda kwamfuta, amma ba komai.

Na yi alkawarin zuwa Minjibir girbin gero, ban zo ba. Wasan kwamfutar nan da muke haɗawa, na tuƙa jirgi a sararin samaniya, mutane sun fara gajiya da shi. Shugabanmu ya ce mu ƙara masa sababbin duniyoyi. In ba su karɓu ba, a rufe wasan, a sallame mu. Sai na zauna. Alhamdulillahi sun karɓu, wasan zai ci gaba.

Amma ƙanwarmu Raihana ta faɗa mini Baba a gona ya faɗi, kai kaɗai ka goya shi har bakin titi. Ranar ni ina zaune ina zana taurari. Kuma da muka yi waya, cewa ka yi kowa lafiya.

Ka yafe mini, Yaya. An ba ni hutu bayan Sallah. Don Allah kada ka gaya wa Baba sai na sauka Kano. Ba na so ya sake jirana a banza.

Ƙaninka,
Tajuddeen