Sunan da Dikko Ya Kasa Rubutawa

Hor Al Anz, 4 ga Maris

Baban Ummi,

Assalamu alaikum. Ya aiki, ya zaman ƙasar waje, ya zafin unguwarku ta Ras Al Khor? Ummi tana gaishe ka. Ta ci jarrabawar lissafi, sauran labarin ka ji daga bakinta ranar Asabar.

Jiya kamfanin inshorar rai da wurin aikinku ya yi muku rajista da shi ya aiko mini takarda, wai in sabunta lambar katin shaidata. Na kira su na ce sun yi kuskure. Matar da ta ɗauki wayar ta duba ta ce har yau ni ce wadda za a miƙa wa kuɗin idan ta Allah ta kasance a kanka. Na gaya mata shekara biyu ke nan da rabuwarmu. Ta ce su ba ruwansu da saki, sunan da ke takarda suka sani.

Allah ya ja da ranka, amma ka yi tunani. In kuɗin nan ya zo da sunana, danginka na Gusau za su ce na cinye gado, yarinya ta tashi cikin rigima. Don Allah ka je ka sa sunanta.

Ka huta lafiya,
Ramlat

Ras Al Khor, 6 ga Maris

Malama Ramlat,

Wa alaikumus salam. Na ga saƙo, na kuma ga har yanzu jan bironki bai ƙare ba.

Wallahi na ɗauka ranar da idda ta cika komai ya goge da kansa. Idris abokin aikina har da riƙe ciki don dariya. Ya ce ashe da kwantena ta faɗo mini, da yanzu kina da shago uku a kasuwar Naif.

Na je ofishin inshorar da hutun rana, na cike sabon fom, na cire ki na sa Ummi. Khalas, shi ke nan. A ba ni makina.

A gaida ɗalibai,
Dikko

Hor Al Anz, 12 ga Maris

Baban Ummi,

Bayan gaisuwa mai yawa, makinka sifili ne. Ummi ta kawo mini ambulan da ka ce in duba maka dalilin da ya sa suka dawo da fom ɗin. Dalili biyu ne.

Na farko, ka rubuta Ummi Dikko, kuma babu mai wannan suna a fasfo. Na san sunan Hajiyarka yarinyar ta ci, na san tun ranar suna bakinka bai taɓa furta shi ba. Ni ma nauyinsa nake ji. Amma ka tuna takardar haihuwa da fasfo da na makaranta duk ni na cike, kana gefe kana duban waya. Wannan karon hannunka suke so. Haruffa shida ne kawai, ɗan aji ɗaya ma zai iya.

Na biyu, shekararta goma sha uku, don haka suna son sunan babban da zai riƙe mata amanar har ta girma. Ka sa ƙanenka Mubashir, hankalin kowa ya kwanta.

Kada ka jefa takardar nan a aljihun mota. Har ka gyara, sunana ne a can.

Ramlat

Ras Al Khor, 27 ga Maris

Maman Ummi,

Salamu alaikum. Ki yi haƙuri da shiruna. Sau biyu ina zuwa ofishin ina dawowa da fom babu rubutu.

Ƙarshe na kira Hajiya, na yi ta kewaye-kewaye har ta gane. Ta yi dariya har da tari, sannan ta ce, "Dikko, sunan nawa ba wuta ba ne, ba zai ƙona maka biro ba. Rubuta wa takwarata abinta."

Na rubuta. Sai ma'aikacin, wani ɗan Filifin mai fara'a, ya ce in karanta masa ya tabbatar. Na tura masa fasfo na ce da irin maganar mutanen garin nan, habibi, kai ma ka yi makaranta.

Batun mai riƙon amana kuwa, ban bi maganarki ba. Mubashir ɗan'uwana ne, ina ƙaunarsa, amma bai san ajin da Ummi take ba. Ke na rubuta. Na karanta wa Hajiya da shi Mubashir ɗin komai, suka ce haka ya dace, don haka babu mai tayar da magana a Gusau. Saura sa hannunki a shafi na uku. In kin ƙi, ba zan ga laifinki ba.

Naki da girmamawa,
Dikko

Hor Al Anz, 29 ga Maris

Baban Ummi,

Wa alaikumus salam. Na karanta shafi bakwai ɗin duka, na sa hannu. Wannan ce kaɗai takardar da na yarda ta sake haɗa sunana da naka. Allah ya sa ta tsufa a durowa ba a buɗe ta ba.

A gaida Hajiya da kyau.

Ramlat